Hutun zuwa zaɓe da albashi ba sayen ƙuri'a ba ne

Da an ji labarin ƙudurin dokar da ke neman a ba ma'aikata lokacin zuwa jefa ƙuri'a ba tare da yanke albashi ba, sai ka ji wasu a teburin mai shayi a Kaduna suna cewa ai biyan mutane za a yi su yi zaɓe. Ba haka ba ne. Babu ɗan takarar da zai fitar da ko kwabo. Abin da ake nema kawai, mai kamfani ya saki ma'aikacinsa na ɗan lokaci, kuma kada ya zaftare masa komai a ƙarshen wata.

Maganar ta fi zafi a Amurka, inda zaɓe ke faɗawa Talata, ranar aiki, tun dokar 1845. Babu dokar tarayya kan wannan hutu, jihohi irin su Kalifoniya ne ke tilasta a biya har awa 2.

Mu nan Asabar muke zaɓe, kamar 25 ga Fabrairun 2023, a kuma hana zirga-zirga. To amma mai gadin masana'anta a Kakuri da nas mai aikin safe, ina ruwansu da Asabar? Leburan kasuwar Panteka kuwa, wanda sai ya fita zai ci, dokar ba za ta amfane shi ba, tunda ba shi da albashin da za a yanke.