Malamin lesin, kada ka karɓi "Na gane" daga bakin ɗalibi

Duk wanda ya taɓa zaunar da yaro shi kaɗai yana koya masa Turanci ya san wannan amsar. Ka gama bayani, ka tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gane, Malam." Gobe ka ba shi aiki, ka tarar ko kusa bai gane ba. Ba ƙarya ya yi niyya ba, tarbiyyar gida ce ta yi aiki: ba a haɗa ido da babba, ba a sa malami maimaita magana. A cikin aji yaro yana da bayan wanda zai laɓe. A lesin na mutum ɗaya kuwa daga shi sai kai, don haka tsoron ninkuwa yake yi.

Shi ya sa nake ganin aikin farko na malamin lesin shi ne ya sa ɗalibi ya saki jiki da shi, har ya iya yin kuskure da babbar murya. Nahawu ya biyo baya.

Na san iyaye ba don wannan suke biyan kuɗi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Yaron da bai samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ba zai shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ba, ba zai shiga ta jiha da ke Aliero ba. A jarrabawar JAMB, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne. Uban da ya sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin lesin so yake ya ga littafi cike da jan biro.

An taɓa kawo mini wani saurayi ɗan Argungu da Turanci ya kayar sau biyu. Zama uku muka yi ban ji jimla ɗaya cikakkiya daga bakinsa ba. A na huɗu na rufe littafin, na tambaye shi da Hausa yadda ake su, wato kamun kifi. Sai ga yaro ya miƙe tsaye yana gwada mini yadda ake kifa ciki a kan gora a bi ruwa, yadda ake riƙe homa, da ranar da ya ga an fito da giwan ruwa daga kogin Matan Fada. Na ce, "To, yanzu faɗa mini da Turanci, duk kalmar da ta ɓace maka sa ta Hausa." Ya yi ta kwaɓawa, ban katse shi ba, ina dai rubuta kurakuran a gefe. Mahaifinsa da ya jiyo mu daga zaure ya ce, "Malam, hira na kawo shi ko karatu?" Na nuna masa takardar: kuskure goma sha wani abu, kowanne darasin da zan koyar. Zama uku na shiru ba su ba ni ko ɗaya ba.

Yawancin abin da ke sa yaranmu kame baki ma furuci ne. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", shi ya sa "pan" da "fan" ke rikice musu. A nan yammacin ƙasar Hausa kuwa, inda muke cewa hwari maimakon fari, abin ya fi tsanani. Harshenmu kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa "bread" ya zama burodi. Yaron da aka yi wa dariya a aji kan wannan, aka kuma ci shi tara don ya yi banakula, ya koyi cewa shiru ya fi. Idan ka bayyana masa dalilin, ka sa ya riƙe ƙyallen takarda a gaban leɓe ya ga yadda take motsi in ya ce "p", sai ya gane ba daƙiƙanci ba ne, sabo ne na baki, kuma yana gyaruwa. WAEC ma tana da takarda guda kan waɗannan sautuka.

Karantar da mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. A karatun zaure malami kan biya wa kowa nasa, ya san inda kowa ya tsaya, ya san ubansa, ya tambayi mai jiki a gida. Wannan ya kamata mu ɗauko. Bambancin shi ne, a zaure malami ke fassara ɗalibi na cewa "Na'am". A koyon harshe dole bakin ɗalibi ya fi na malami motsi.

Sakin fuska kuma ba ya nufin zubar da girma. Ka zo a kan lokaci, ka karɓi aikin gida, kada ka mai da yaro ɗan aike. In ɗaliba ce, a yi karatu a falo, ƙofa a buɗe, da wani na gida a kusa, kuma duk saƙo ya bi ta wayar iyayenta.

Ni dai na daina tambayar "Ka gane?" Cewa nake, "Yanzu kai ne malam, koya mini." Wanda ya tsaya ya ce, "Malam, nan ne ban gane ba," a nan muke fara darasin ranar.