Katanga ɗaya ce tsakaninmu

Wallahi daren jiya barci bai ɗauke ni ba. Bayan sallar isha'i, nan unguwarmu cikin garin Bauchi, aka sake rufe yarinyar nan da duka. 'Yar aikin maƙwabciyarmu ce da aka kawo daga ƙauye, ba za ta wuce shekara 10 ba. Ina jin saukar wayar wuta a jikinta, tana "Anti na tuba, ba zan ƙara ba." Ni kuwa ina kan sallaya, carbi a hannu. Me na yi? Tashi na yi na rufe taga.

Da safe na gan ta a bakin famfo da jarka, shatin wayar ya kwanta ruɗu-ruɗu a damtsenta. Na ce, "'Yata, me ya same ki?" Ta ja hijabi ta rufe, ta ce, "Faɗuwa na yi, Umma." Mu shida ne a wurin, manyan mata, kowa ta kalli 'yar'uwarta. Da na ga babu wadda ta tanka sai zuciyata ta ce, to ƙila abin bai kai yadda nake zato ba. Na tabbata su ma fuskata suka duba suka yi shiru.

Ashe an daɗe da gano wannan hali. A 1968 wasu masana biyu a Amurka, Darley da Latane, suka jarraba mutane: wanda ya ɗauka shi kaɗai ne ke jin kukan neman taimako yakan yi saurin tashi, amma da ya san akwai wasu sai ya bar musu. Mu kuma namu har da ƙarin gishiri. "Ba ruwana." "Tarbiyya take mata." "Kada a ce mini munafuka." "Sunansu, bikinsu, duk tare muke, da wane ido zan kalle ta gobe?" Har mu kawo rufin asiri mu fake da shi. Asirin wa muke rufewa, jama'a? Na mai riƙe da waya, ko na wadda bayanta ya farfashe?

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da 'yar Alhaji ce ko 'yar cikinmu, da tuni an ɓalle ƙofar. Amma almajiri, maraya, matar da ba ta da kowa a gari, sai mu ce Allah ya kyauta. Muna son fakewa da hadisin nan na hana mummunan aiki, inda aka ce wanda ya kasa da hannu da baki "ya ƙi da zuciyarsa", alhali bakinmu lafiyarsa ƙalau, mai unguwa yana nan, liman yana nan, Hisba da 'yan sanda suna nan.

Na yi wa maigidana magana, bayan la'asar za mu je wurin mai unguwa. Gabana na faɗuwa, ba zan ɓoye ba. Ku biyar ɗin nan da muke tare a famfo, na san kuna karanta wannan. Don Allah ko mutum ɗaya ta zo mu tafi tare. Don Allah.