Cocin Albi: ganuwar da aka gina wa 'yan gari

Tun da Faransa ta miƙa wa UNESCO buƙatar a saka Carcassonne da ganuwoyi bakwai na kudancin ƙasar cikin jerin kayan tarihin duniya, gardamar da ake ta yi ba ta wuce ta suna ba. Shekara da shekaru ana tallata su ga masu yawon buɗe ido a matsayin "ganuwoyin 'yan Kathar", wato mabiya wata aƙidar Kirista da cocin Katolika ya kira bidi'a ya kuma yaƙa a ƙarni na 13, yanzu kuma an koma kiran su ganuwoyin sarki. Masana suna ta tafi wai an gyara kuskure. To, an gyara: yawancin abin da ke tsaye a Quéribus da Peyrepertuse, biyu daga cikin ganuwoyin, sarakunan Faransa ne suka gina shi bayan yaƙin da aka yi da 'yan Kathar, don tsaron iyaka da masarautar Aragon. Abin da ke ba ni haushi shi ne an tsaya kan ƙaramin kuskure, an bar babbar tatsuniya tana zaune lafiya a garin Albi, shi ma a kudancin Faransa.

Babban cocin garin, Sainte-Cécile, ya shiga jerin UNESCO tun 2010. Jibgegen gini ne na jan bulo a gaɓar kogin Tarn, hasumiyarsa mita 78, tagoginsa sirara kuma can sama, ginshiƙansa sun fito daga bango a zagaye kamar na sansanin soja. Bayanin da aka saba bai wa baƙi shi ne wai "ganuwar imani" ce, coci ya gina ta don kare kansa daga 'yan bidi'a.

Kare kansa daga wa? A duba shekarun mana. Fafaroma Innocent na uku ya yi shelar yaƙi kan 'yan Kathar bayan an kashe wakilinsa Pierre de Castelnau a 1208. A watan Yulin 1209 aka yi wa mutanen Béziers kisan kiyashi, ba a tantance Katolika da Kathar ba. An rufe yaƙin da yarjejeniya a 1229. Montségur, ganuwar da 'yan Kathar suka fake a ciki, ta faɗi a 1244, aka ƙona mutum kusan 200 da suka ƙi barin aƙidarsu. Shi kuwa cocin Albi sai a 1282 aka aza tubalinsa, kusan shekara 40 bayan wannan wuta. Idan tsaro ne, ihu ne bayan hari. 'Yan Kathar ɗin da suka rage a lokacin ɓoye suke, suna wa'azi da dare a gidajen mutane. Mutanen da ba su yarda da gina ɗakin ibada ba ma, da wace runduna za su kawo wa coci hari?

Wanda ya kamata a duba shi ne mai ginin, Bishop Bernard de Castanet. Shi ne ubangidan garin, kuma yana da kaso a dukiyar da ake ƙwacewa daga duk wanda kotun binciken aƙida ta samu da laifi. Tsakanin 1299 da 1300 ya sa aka kama attajirai da manyan Albi bisa zargin bidi'a, aka jefa su kurkuku. Mutanen gari suka tashi, wani limamin ɗariƙar Faransiskan mai suna Bernard Délicieux ya ja ragamar masu adawa da kotun, ƙara ta kai har gaban Fafaroma Clement na biyar, a 1308 aka sauya wa Castanet wurin aiki zuwa garin Le Puy. Fadarsa da ke jikin cocin, wadda yau ta zama gidan adana zane-zanen Toulouse-Lautrec, ita ma ya ƙara mata ganuwa. Shugaban da ya gina wa kansa irin wannan mafaka a tsakiyar garinsa, maƙwabtansa yake tsoro, su kuma yake so su ji tsoronsa.

Wasu na cewa rashin ado a bangon waje amsa ce ga masu zargin coci da almubazzaranci. Su leƙa ciki su ga rufin da masu zane daga Italiya suka lulluɓe da shuɗi da ruwan zinariya a wajen 1509, sannan su dawo mu yi magana. Akwai kuma masanan da ke cewa ba a taɓa yin wata ƙungiya mai suna Kathar ba, limamai ne suka ƙirƙira ta a takarda. Ko da haka ne, wutar da aka hura a Montségur mutane ta ci, kuma hujjar tasu ƙara tona asirin ginin take yi, don in babu ƙungiyar, babu wanda cocin yake kare kansa daga gare shi.

Ba na cewa a rushe komai, gini ne na ban mamaki. Amma hukumomin da suka iya sauya sunan ganuwa takwas ba za su kasa gyara allon bayani ɗaya ba. A rubuta labarin kamen 1299 a ƙofar shiga, a daina koya wa masu jagorar baƙi cewa bishop ne aka zalunta. Kuɗin aikin ma a cire shi daga abin da masu yawon buɗe ido ke biya a ƙofa.