Hamadar da ta jiƙa ni sharkaf

Duk wanda ya ce maka hamada zafi ce kawai, bai taɓa kwana a gaɓar tekun hamadar Namib da ke ƙasar Namibiya ba. Ni da ƙanena muka ɗaure kaya a kan kekuna a Swakopmund, muka miƙa arewa. Jakata cike take da malafa da man kare fata daga rana, ga gorunan ruwa har sun rinjayi keken.

Da asuba na farka haƙora na karo da juna, tanti na ɗiga. Ruwan tekun nan daga kudu yake tahowa da sanyinsa, igiyar da ake kira Benguela. Ita ce ke tara hazo, ita ce kuma ke hana ruwan sama. Wato kusan ba a ruwa a yankin, amma safata sai da na matse ta.

Bayan Henties Bay hanyar ba kwalta ba ce, gishiri ne da ƙasa aka daddaɓe. In ta bushe, sumul. In hazo ya lashe ta, sai ka ce an goga sabulu. Na ɗan taɓa birki, keke ya yi gabas, na yi yamma, goruna suka watse kowace ta kama gabanta. Ƙanena ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, hutawa kake yi?" Kafin yamma sarƙa ta fara tsatsa, kowane taku da kukansa.

Cape Cross kuwa hanci ne ke fara isa kafin ido. Dubban karnukan ruwa (dabbar teku da ake kira seal) ne kwance a bakin teku, suna haushi suna wari. A 1486 matuƙin jirgin ruwa Diogo Cão na Fotugal ya kafa gicciyen dutse a wurin ya yi gaba abinsa, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Da muka juyo kudu zuwa Walvis Bay na ce to, tunda tudu ya ƙi ni, bari in gwada ruwa. Aka zura ni cikin siririn kwale-kwale a Pelican Point, aka miƙo mini filafili mai kai biyu. Mai jagora ya ce ƙananan karnukan ruwan wasa kawai suke so. Wasan ke nan ɗaya ya leƙo da gashin bakinsa, ya ƙare mini kallo, ya cafke bakin filafilin. Na ja, ya ja. Kwale-kwale ya shiga juyi a wuri ɗaya, ni kuma duk addu'ar da na sani ta zo bakina a haɗe. Wani ya bi ta ƙasa ya watso mini ruwan ƙanƙara a ƙeya.

Na ƙwala wa ƙanena kira ya kawo ɗauki. Ya matso da nasa kwale-kwalen, ya ɗaga waya sama ya ce, "Yaya, don Allah kar ka saki tukuna, fuskarka ba ta fito ba."