Masu neman tsohon sarkin Nepal Gyanendra ya dawo sun manta da 2005?

Labarin nan na masu zanga-zangar neman maido da sarauta a Nepal ya sosa mini rai. A ranar 1 ga Fabrairun 2005 Sarki Gyanendra ya kori gwamnati, wai 'yan siyasa sun kasa murƙushe 'yan tawaye masu bin aƙidar kwaminisanci ta Mao. Aka katse layukan waya da intanet, sojoji suka zauna a ofisoshin jaridu suna tace labarai. Yaƙin bai tsaya ba. Sai da jam'iyyu bakwai suka sasanta da 'yan tawayen, jama'a suka yi kwana 19 a titunan Katmandu, babban birnin ƙasar, duk da dokar hana fita, sannan sarkin ya maido da majalisa a Afrilun 2006. 'Yan siyasar yau sun gaza, na yarda, amma wallahi ana iya kayar da su da ƙuri'a.