Maganin hawan jini da wahalar da ke dawowa kowane wata

Ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, tana zaune a Tawa. Ta haura shekara sittin, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma tana cikin ƴan tsirarun da ke riƙe da katin asirans, wato inshorar lafiya, albarkacin ɗanta da ke aiki a wani kamfani a Yamai. Maƙwabta kan ce mata ta huta. Ni da nake raka ta idan na je gida, na san ba ta huta ba.

Kowane wata sai ta koma wurin lokotoro ya sake rubuta ordonas, wato takardar sayen magani, alhali amlodipin na hawan jini da metformin na suga ɗin nan take sha shekara da shekaru. Daga nan a nemo takardar amincewar masu asirans, a buga hatimi, a hau kabu-kabu zuwa farmasin da ke karɓar katin, don ba kowace ke karɓa ba. A can ma ba tabbas. Wani lokaci a ce maganin ya yanke sai an kawo daga Yamai, wani lokaci a ce an dakatar da bon ɗin kamfanin asirans, wato takardar karɓar magani bashi, saboda bashi ya taru. A haka kwana uku ko huɗu kan wuce ba ta haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba. Idan na damu sai ta ce, "Ɗana, ai jikina kalau, ban ji komai ba." Wannan maganar ce ke hana ni barci, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum na zaune lafiya sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza.

A ganina an tsara takardun nan ne don cutar da ke zuwa ta wuce, irin zazzaɓin cizon sauro: a duba ka, a rubuta, ka sha kwana uku, shi ke nan. Mai hawan jini kuwa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa. Me ya sa za a nemi ya kawo shaidar rashin lafiyarsa sau goma sha biyu a shekara?

Ba na ɗora wa mai farmasi laifi duka. Shi ma sayo maganin yake yi, kuma idan kamfanin asirans ya riƙe masa kuɗi wata da watanni, dole ya rufe ƙofar bashi. Ga kuma nisan hanya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya sun koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, su isa Yamai, sannan a yi maganar Tawa.

A watan Agustan 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin duba marasa lafiya da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta, ta kuma soke jika 150 da ake biya kafin fara wankin ƙoda. Mataki ne da ya cancanci yabo. Sai dai mai doguwar jinya a kantar farmasi yake zubar da mafi yawan kuɗinsa. Kuma hawan jini da suga ne kan gaba wajen kai mutane ga injin wankin ƙoda. Sauƙaƙa ƙwayar da ke tsare ƙodar ya fi araha nesa ba kusa ba.

Masu asirans za su ce suna tsoron algus, kada wani ya kwashi magani ya sayar. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa rajista ce: a tantance mara lafiya sau ɗaya, a ba shi littafi, lokotoro ya rubuta ordonas ɗin wata uku ga wanda jikinsa ya daidaita. Ba sabon abu ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a riƙa ba masu shan maganin ƙanjamau na wata uku zuwa shida a lokaci guda. Insulin kam, allurar masu ciwon suga da ke buƙatar sanyi, sai an yi masa tsari dabam, don a zafin Afrilu na Tawa, ga ɗaukewar wuta, ba kowane gida ne zai iya ajiye shi da yawa ba. Sannan a sa wa kamfanonin wa'adin biyan farmasi, da tara ga wanda ya saɓa. Likitoci kuma su riƙa rubuta sunan sinadarin maganin, don a iya ba mutum jenerik, wato irinsa mai araha na wani kamfani, idan mai tsadar ya yanke.

Duk wannan maganar masu kati ce. Mafi yawan jama'a daga aljihu suke biya, suna sayen fale ɗaya idan kuɗi ya samu, suna raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ko su koma wurin mai tallar magani da ya wuni cikin rana. Goggo kuwa, watan jiya na gaji da jira, na saya mata na wata biyu da kuɗina a Yamai na ba direban motar Tawa, katin yana kwance cikin jakarta.