Mita mai wayo, layi makaho

A farkon daminar bara, iska mai ƙarfi ta taso da daddare, fiyus ɗaya ya ƙone a tiransifomar unguwarmu a nan Zariya. Gidajen da ke tsallaken titi suna da wuta, mu da ke wannan ɓangaren muna cikin duhu. Ran farko kowa ya ɗauka ɗaukewa ce irin ta kullum. Rana ta biyu mai waldan da ke bakin layinmu ya leƙa gidan mai unguwa ya ce, "Baba, wannan fa ba ɗaukewa ba ce, kafa ɗaya ce ta faɗi." Sai a rana ta uku aka tura yaro a kan babur ya je ofis ya kai rahoto, kuma a nan ne ma'aikatan suka fara jin labarin. Gyaran bai kai rabin awa ba. Kwana uku mai ƙanƙara ta yi ba ciniki, mai niƙa ya ƙona dizal, saboda babu wata hanyar da tiransifomar za ta sanar da wani cewa ta samu matsala.

Ina tuna wannan duk lokacin da na ji ana maganar kawo mana tsarin lantarki mai wayo. Ma'anarsa a taƙaice ita ce layin wuta da aka haɗa shi da na'urorin aune-aune da hanyar sadarwa, yadda injiniya zai zauna a ɗaki ɗaya ya ga abin da ke gudana a kowace tasha da kowace tiransifoma, ya kuma iya kunnawa ko kashewa daga nesa. Abu ne mai kyau, kuma ina son ganinsa a garin nan. Damuwata ita ce ta inda ake son farawa. Kusan duk maganar da ke iso mana ta mita ce: mitar da za ta tona asirin mai haɗin bayan fage, mitar da za a iya yanke wa mutum wuta da ita ba tare da an ɗora tsani a jikin fal ba. Ido ne da aka kafa shi yana kallon mai gida, alhali layin da ke kawo wutar makaho ne.

Ba na kare satar wuta. Wanda ya zagaye mitarsa ya jona hita da injin ban ruwa, maƙwabtansa yake cuta, domin su ne tiransifoma za ta ƙone musu, su ne kuma za a lafta wa kuɗin ƙiyasi. Kusan rabin masu amfani da wuta da aka yi wa rajista a Najeriya ba su da mita har yanzu, duk da shirin raba mitoci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2020. Duk wanda aka taɓa miƙa masa takardar bil a watan da bai ga wutar kwana goma ba ya san zafin abin. Don haka mita haƙƙi ce, a kawo ta. Amma mita ita kaɗai ba ta mayar da layi mai wayo.

Mu duba abin da ya faru a watan Afrilun 2024. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin za a ba su wutar awa 20 a rana. Rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wato an ɗaure kuɗin da mutum zai biya da adadin awannin da aka yi masa alkawari. To wa ke riƙe da agogon? Idan tela a Sabon Gari ya ce awa 13 ya samu jiya, kamfani ya ce 20 ya bayar, wa zai raba gardama? Akwai mitoci a bakin manyan layuka da ke fita daga tashoshi, amma wuta na iya kasancewa a kan babban layi alhali unguwa guda tana duhu, kamar yadda ya same mu. Na'urar da ke jikin tiransifoma, wadda ke rubuta minti nawa aka yi da wuta da kuma ƙarfinta, ita ce shaidar da talaka ke buƙata. Kuma bai isa a ce kamfani kaɗai ke ganin wannan lissafi ba. A buɗe shi, mutumin Samaru ko Tudun Wada ko Gyallesu ya duba a wayarsa ya ga abin da unguwarsa ta samu a mako, ya kwatanta da abin da aka caje shi.

Ƙarfin wutar ma abin aunawa ne. Sau nawa ake kawo wutar da ko fanka ba ta iya juyawa, ko kuma wadda ke zuwa da ƙarfin da zai ƙona firji da talabijin a dare ɗaya? A takarda, duka biyun "an ba da wuta" ne.

Makantar ba a unguwa ta tsaya ba. Babban layin ƙasa yana tafiya ne a kan bugu 50 a daƙiƙa, wato sau 50 wutar ke kai da komo a kowace daƙiƙa, kuma dole abin da tashoshi irin su Kainji da Jebba da Shiroro da masu amfani da iskar gas a kudu ke samarwa ya yi daidai da abin da ake ja a kowane lokaci. Idan babbar tasha ta fita ba zato, bugun ya yi ƙasa, sauran injina sukan kashe kansu don kada su lalace, cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙasa ta faɗa duhu. Wannan shi ne durƙushewar babban layi da muke ji a labarai, wanda ya faru fiye da sau goma a 2024. Cibiyar da ke sa ido kan wannan tana Osogbo. Abin da ke faruwa cikin daƙiƙoƙi ba a tare shi da kiran waya. Ana buƙatar na'urorin da ke aika bayanai nan take da waɗanda ke rage lodi da kansu kafin abin ya bazu. An ware aikin tafiyar da babban layin daga TCN, kamfanin gwamnati mai dakon wuta a manyan layuka, aka ba sabuwar hukuma mai suna NISO, kuma a ganina ma'aunin nasararta na farko shi ne tashoshi nawa take iya gani da idonta a allon kwamfuta.

Mu 'yan Arewa mun ɗanɗana wani abu a watan Oktoban 2024 da bai kamata a manta ba. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin da ke tasowa daga Ugwuaji a Enugu zuwa Apir a Binuwai shi ma ya faɗi. Fiye da mako guda jihohin Arewa da dama suna cikin duhu. A Zariya kuɗin cajin waya ya tashi, ruwan sanyi ya zama abin nema, injinan rijiyar burtsatse suka tsaya. Babu wata kwamfuta da za ta ɗaga turken ƙarfe da aka kayar, kuma duk mai cewa fasaha za ta maye gurbin tsaro da ƙarin layuka ba gaskiya yake faɗa ba. Akwai ma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a manyan layuka, zaren sadarwa na gilashi yakan bi ta cikin wayar da ke can saman turke, wadda ke kare layin daga tsawa. Wanda ya kayar da turke ya yanke wuta, ya kuma yanke harshen da tashoshin ke magana da juna.

Wannan ya kawo ni kan sadarwa, inda nake ganin masu tsara abin daga Abuja da Legas ba sa tuna halin da muke ciki. Yawancin mitoci masu wayo da layin waya suke aiki, akwai sim a cikinsu. A watan Satumban 2021 an rufe sabis ɗin waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, bayan 'yan makonni aka rufe a wasu ƙananan hukumomin jihar Kaduna. Mu ɗauka a lokacin duk mitoci da makunnan yankin sun dogara da wannan sabis. Yaya mutum zai sayi wuta? Yaya injiniya zai ga layinsa? Ko ba a rufe da gangan ba, masu aikin titi suna tsinke zaren intanet, dizal yana ƙarewa a turakun sabis. Tsarin da zai yi aiki a nan dole ya kasance da hanya ta biyu, rediyo ko zaren kamfanin wutar na kansa, kuma mita ta ci gaba da ba mutum wutar da ya saya ko da ta yi wata ba ta ji daga ofis ba. A rubuta wannan cikin sharuɗɗan sayen kaya tun kafin a shigo da su.

Sai batun mabuɗi. Duk makunnin da ma'aikaci zai iya kashewa daga ofis, ɓarawon da ya sace kalmar sirrinsa ma zai iya. Ranar 23 ga Disamban 2015 masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku a ƙasar Yukren, suka kashe wa kimanin gidaje da wuraren aiki 225,000 wuta a tsakiyar hunturu. Ta saƙon imel mai ɗauke da tarko suka shiga, watanni kafin ranar, suka zauna shiru suna koyon yadda ake tafiyar da aikin. Da lokaci ya yi, ma'aikata suna kallon allonsu ana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, ba su da ikon hanawa. Maharan suka kuma cika layin kiran kamfani da kiraye-kirayen bogi don kada jama'a su samu kai ƙorafi. Abin da ya dawo da wuta cikin awanni shi ne an tura ma'aikata tashoshin suka mayar da makunnai da hannu.

Darasin da na ɗauka daga nan guda biyu ne. Kwamfutar da ke sarrafa tasha kada ta haɗu da wadda ake buɗe imel da Facebook a kanta, kuma kada a raina tsohon ma'aikacin da ya san kowane makunni da hannunsa. A wurinmu ma barazanar ta fi kusa da gida. Ba sai wata ƙasa ta kawo hari ba. Ma'aikacin da aka sallama amma ba a goge shigarsa ba, kalmar sirri ɗaya da mutum biyar ke amfani da ita, wanda za a ba na goro ya share wa wani bashi ko ya kashe wa abokin gaba wuta ranar biki: waɗannan su ne ƙofofin. Kowane umarnin yanke wuta daga nesa ya zama yana da sunan wanda ya bayar da lokacin da ya bayar, a ajiye inda shi kansa ba zai iya gogewa ba. Asibiti irin na koyarwa da ke Shika da tashoshin ruwan sha kuwa, bai kamata dannawar mutum ɗaya ta isa kashe su ba.

Mun ma ga ɗan misalin yadda abin da ke ɓoye cikin manhaja ke iya taɓa kowane gida. Mitocin kati suna ƙirga mintuna ne tun daga farkon 1993, kuma ma'ajin ƙirgar ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa aka yi ta sanarwa cewa kowa ya shigar da wasu lambobi na musamman guda biyu, kowace mai alƙaluma 20, kafin ya iya loda sabon kati. Na ga wata dattijuwa a layinmu riƙe da takarda da tocila, jikanta yana karanto mata lambobin tana cewa, "Sannu a hankali, ɗan nan, idona ba ya gani." Wannan matsala ce da aka san ranar zuwanta shekaru da yawa kafin ta zo, amma sai da ta wahalar da mutane. Ina ga wadda za ta zo ba sanarwa?

Akwai kuma sirrin gida. Mitar da ke aika rahoto kowane minti 15 ko 30 tana faɗin lokacin da aka tashi, lokacin da aka kwanta, da makon da aka rufe gida aka yi tafiya. A yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto, wannan bayani ba ƙaramin abu ba ne. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A faɗa mana a fili wa ke da izinin ganin bayanan mita, tsawon wane lokaci ake ajiye su, da hukuncin wanda ya fitar.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Zariya ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana yaye injiniyoyin lantarki da na kwamfuta da na sadarwa duk shekara, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Da yawa daga cikin yaran nan suna gama karatu su koma haɗa sola da inbata a gidajen mutane, ko gyaran waya a unguwar PZ. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu dokoki da hukumar kula da wuta a cikin iyakarsu, don haka ba sai an jira Abuja a kan komai ba. A ɗauki layi ɗaya, a ce wanda ke ba Samaru wuta, a sa wa kowace tiransifoma na'urar aune da sadarwa, a ba ɗalibai da malamansu aikin kula da ita tare da injiniyoyin kamfani, a kuma ba wasunsu izini a rubuce su gwada kutsawa don a gano ramukan tun da wuri. A riƙa liƙa sakamakon awannin wuta a ƙofar gidan mai unguwa duk ranar Juma'a. Bayan shekara guda a ƙirga tiransifoma nawa suka ƙone a wannan layin, kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara fiyus, a kwatanta da layin Kwangila ko na cikin birni, sannan a yanke shawarar inda kuɗin gaba zai tafi.